Zuwa baje koli da manyan tarukan sana'a: me ya kamata wakili ya dawo mana da shi?

Lawali, mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin taruka ya ƙarato. Ƙungiyoyin masu sarrafa gyaɗa da riɗi da aya sun fara haɗa kuɗin tura wakilai Yamai, wasu ƴan kasuwa kuma suna shirin Kano da Kaduna. Abin da aka saba gani shi ne wakili ya tafi kwana biyar ko shida, ya dawo da jaka mai tambari, da hula, da hotuna cike da waya, bayan wata uku a tambaye shi me tafiyar ta haifar ya rasa ta cewa. Ina so waɗanda suka san harkar su faɗa mana daki-daki abin da ake yi kafin tafiya, a can, da bayan dawowa. Don Allah a bar mana labarin yawon buɗe ido, a shiga aiki.

Tsahiru: Wa alaikumus salam. Malam Lawali, tafiyar tun daga gida take lalacewa. Mutum ya tashi da niyyar "zan je in ga abin da ake yi", to abin da zai samu ke nan, gani. Kafin a yanki tikitin mota a zauna a rubuta buƙata ɗaya, in ta yi yawa biyu, kuma a sa mata lamba. Misali: muna neman mai sayen riɗi tan 10 kowane wata daga Disamba zuwa Maris. Ko: muna neman injin tatsar mai da zai ci kilo 100 na gyaɗa a awa, wanda kuɗinsa har ya sauka Maraɗi ba zai wuce abin da muka ware ba. In buƙata ta fito haka, ita za ta nuna wane taro ya dace. Baje kolin SAHEL da RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ke shiryawa a Yamai na noma da kiwo da ruwa ne, SAFEM na aikin hannun mata ne kuma duk shekara biyu ake yin sa, baje kolin Kano na ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba kuwa hatsin bara ne, komai da komai. Mai neman iri da taki ya nufi wajen masu jaka da takalmi, ai laifin ba na taron ba ne.

Na biyu, a nemi jerin waɗanda suka kama rumfa da tsarin laccoci tun mako biyu kafin buɗewa. Masu shirya taro sukan fitar da shi, in ba a gani ba a tambayi reshen ƙungiyar ƴan kasuwa na nan Maraɗi ko ofishin CRA, majalisar manoma ta jiha. A cikin jerin a ja layi ƙarƙashin suna 10 zuwa 15, a tura musu saƙo a nemi ganawa da rana da awa. Ko biyar ne suka amsa, tafiyar ta riga ta sami ƙashin baya.

Alhaji Isuhu: Tsahiru ɗana, maganarka ta yi daɗi a takarda. Amma ni ban yarda da waɗannan tarukan ba. Mai sayen riɗi na gaskiya shina kasuwar Dawanau ta Kano, ba ya zaune bayan tebur da fulawar roba. Ciniki amana ne, amana kuwa shekaru ke gina ta, ba kwana biyar ba. Yawancin masu tahiya kuɗin zama suke bi, a ba su perdiyem su sa hannu su dawo. Kuɗin da ƙungiya za ta kashe gara ta ƙara buhu goma a sito.

Hajiya Rabi: Alhaji, Allah ya ja da ranka, rabin maganarka gaskiya ce. Mai buhu ɗari biyar na ɗanyen riɗi da ke da dillalinsa a Dawanau ba ya bukatar rumfa a Yamai. Amma wadda ke zuba man gyaɗa a kwalba, ko garin aya, ko dakakken yaji, Dawanau ba kasuwarta ba ce. Masu sayen kayanta su ne masu manyan kantuna, da otal-otal, da masu dafa wa makarantu, kuma waɗannan ba sa zagaye Tarna da Tibiri suna neman wa ke da kaya. A taro ake kama su wuri ɗaya.

Maganar lissafi kuma a yi ta a fili. Mu ɗauka mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, tasi cikin gari, kuɗin shiga da samfur sun tashi sefa 200,000. In ribar lita ɗaya ta mai sefa 150 ce, sai an sayar da ƙarin lita kusan 1,350 kafin tafiyar ta biya kanta. Kanti ɗaya da zai riƙa ɗaukar lita 120 a wata ya isa ya rufe wannan cikin shekara. In ƙungiya ta duba ta ga ba ta ma iya fitar da ƙarin lita 120 a wata, to Alhaji ya yi gaskiya, ta zauna gida ta gyara aikinta tukuna.

Alhaji Isuhu: To, wannan lissahi na yarda da shi, Hajiya. A yi shi gaban kowa kahin a zaɓi mai tahiya, ba bayan ya dawo ba.

Habsu: Inna Rabi, tunda kin taɓo samfur, ki ƙara bayani. Nawa ake ɗauka, kuma wa ake ba?

Hajiya Rabi: Ɗiyata, samfur kashi biyu ake yi, kuma kada a haɗa su jaka ɗaya. Akwai na ɗanɗano, ƙanana, giram 20 zuwa 30 ko ƴar kwalba, na duk mai wucewa. Akwai na mai saye, giram 250 zuwa 500, a rufe ruf, da takarda manne: sunan ƙungiya, lambar waya, nauyi, ranar da aka yi, ranar da zai lalace, da lambar zubi. Na mai saye guda 20 sun isa, kuma ba a miƙa shi sai mutum ya ba da sunansa da lambarsa ya faɗi abin da yake saya. Abin da ke faruwa shi ne ranar buɗewa, da manya suka zo zagaye da ƴan rakiya, a rabar da komai don kunya da neman hoto, ranar uku mai saye na gaske ya zo a rasa abin ba shi.

Kowane samfur da aka bayar a bar tagwayensa a gida, daga zubi ɗaya, a rubuta lamba iri ɗaya. Ranar da mai saye ya ce kayan da kuka aiko ba su kai samfur ba, da wannan za a yi hukunci. Kuma kada a tsince samfur da hannu ƙwaya-ƙwaya ya fi abin da ke sito kyau. Wannan wayon sau ɗaya yake ci, odar farko ita ce ta ƙarshe.

Kwalbar mai kuma a ɗaure bakinta da leda a tsayar da ita cikin kwali mai rabe-rabe. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kayan suna ƙarƙashin bas cikin zafi, murfin da bai kama ba sai ya jiƙe takardun gaba ɗaya.

Idi: Ina so in ƙara kan takardar farashi, don nan ake yawan jin kunya. Mu nan da tiya da buhu muke magana, mai saye daga waje da kilo da tan. Tiya kuwa nauyinta ya danganta da abin da aka auna da hannun mai awo, ta gero daban, ta riɗi daban, ta gyaɗa mai ɓawo daban. A auna a sikeli tun a gida a rubuta farashin kilo ɗaya, na buhu mai kilo 50, da na tan. A rubuta kuma inda farashin ya tsaya: a sito Maraɗi ne, ko an kai Yamai, ko an tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya. Sannan mafi ƙarancin abin da za a iya saya, mafi yawan da za ku iya fitarwa a wata, da kwana nawa farashin zai yi bai canja ba. Kwana 7 zuwa 15 ya isa, musamman in da naira a ciki.

Wani abu da ke kama da wasa amma yana ɓata ciniki: ƙirgen dala. Ɗan Maraɗi ya ce "ɗari biyu" yana nufin dala ɗari biyu, wato jika ɗaya, sefa 1,000. Bakano ya ji naira 200. Kada a yi ciniki da baki kawai. A buga lamba a waya ko a rubuta, a sa sunan kuɗin kusa da ita, kowa ya gani.

Mai sayen riɗi don fitarwa zai yi tambaya uku: tsabta kashi nawa, danshi kashi nawa, za ku iya cika kwantena? Galibi suna neman tsabta kashi 98 zuwa 99 cikin 100, danshi kada ya wuce 6 ko 7. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Wakilin da bai san waɗannan lambobin na kayansa ba zai ce "Insha Allahu akwai", mutumin ya yi murmushi ya wuce rumfa ta gaba.

Tsahiru: Na gyaɗa kuma aflatoksin, gubar da ke fitowa daga rumar gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba. Tarayyar Turai ba ta karɓar fiye da mikrogiram 4 a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. Ko ba Turai za a kai ba, masu yin abincin yara suna tambaya. Takardar gwajin ɗakin bincike guda ɗaya a cikin jaka ta fi ƙatuwar tuta a rumfa.

Habsu: Yaya Tsahiru, to rumfa fa? Dole ne a kama? Don ita ke cinye rabin kuɗin.

Tsahiru: Ba dole ba ne, kuma zuwan farko ni ban ba da shawarar kamawa ba. Mai rumfa ɗaurarre ne. Ba ya iya barin kaya ya shiga lacca, ba ya iya zagaya wa waɗanda ya yi wa layi a jeri. Mai neman inji, ko kwalabe, ko leda, ko ilmi, ƙafarsa ce jarinsa.

Hajiya Rabi: A nan ban bi ka ba, Tsahiru. Mai kayan ci da ke yawo da jaka tana ciro kwalba ana mata kallon ƴar talla. Rumfa ita ce adireshi, mai saye ya ɗanɗana yau ya dawo gobe da abokinsa. Maganin tsada shi ne ƙungiya uku ko huɗu su haɗu a rumfa ɗaya, ko a shiga ƙarƙashin rumfar jiha in an tanada. Maganin ɗaurewa kuma mutum biyu: ɗaya ya tsare, ɗaya ya zagaya, bayan azahar su yi musanya. Abin da ban so shi ne a mai da rumfa teburin kasuwa. Mai tsaro ya shagala da sayar da kwalba ɗai-ɗai yana neman canji, mai son katan hamsin a wata yana tsaye ba wanda ya kula shi.

Tsahiru: In mutum biyu ne na janye. Amma mutum ɗaya da rumfa, a'a.

Injiniya Ma'azu: Bari in shigo da maganar inji, don nan ne asarar taro ke kai miliyoyi. A wajen baje koli inji yana sheƙi, mai shi yana da baki, ga ragin "yau kaɗai". Kada a biya ko dala a wurin. Aikin wakili ya dawo da amsoshi a rubuce.

Farko ƙarfin aiki. In takarda ta ce tan 3 a rana, a tambaya rana awa nawa. Masu ƙera inji da yawa awa 24 suke nufi, wato kilo 125 a awa. Ku da za ku yi awa 8, tan ɗaya za ku samu, in ma wuta ba ta ɗauke ba. Sai wuta: motar injin kilowat nawa ce, ta layi ɗaya ce mai bolt 220 ko ta layi uku mai 380? Yawancin injin tatsar mai da ya kai kilo 100 a awa na layi uku ne, kuma gidajen unguwa layi ɗaya gare su. Jawo layi uku daga kamfanin wuta NIGELEC wani kuɗi ne da wani jira, a je a tambayo kafin a yi oda. In da gurup, wato janareta, za a yi aiki, mota mai kilowat 7.5 tana zuƙar wuta ninki biyar ko fiye lokacin tashi, don haka gurup ɗin da zai ɗauke ta ba wahala sai ya kai kVA 20 zuwa 25. A duba kuma a ga 50 Hz a jikin farantin motar, wadda aka yi don 60 Hz ba ta dace da wutarmu ba.

Sai abin da ke cinyewa. A injin tatsa, dunƙulen ƙarfen nan mai murɗa da zobban da ke kewaye da shi su ke fara lalacewa, kuma gyaɗarmu mai yashi tana cin su da sauri in ba a tankaɗe ta ba. A tambayi kuɗin saiti ɗaya, a sa saiti biyu cikin odar farko, da bel da boris. A tambaya wa ke gyara shi a Kano ko Katsina, a karɓi lambarsa, a kira shi tun ana tsaye a rumfar. In mai sayarwa ya ce injin ba ya lalacewa, a yi masa sallama.

Gwaji kuma da gyaɗarku, ba tasa ba. A ware kilo 20 ɓararriya, a auna a gabansa, a auna man da ya fito da abin da ya rage. Inji mai kyau yana ba da kilo 35 zuwa 40 na mai daga kilo 100. A lura man yana fitowa da gurɓi, sai an tace, matatar kuwa sau da yawa ba ta cikin farashin da aka faɗa. Haka injin suya.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka manta abu ɗaya da mata za su tambaya. Tunkuzar da injin ke fitarwa tana yin ƙuli-ƙuli?

Injiniya Ma'azu: Allah ya saka, Hajiya, wannan babba ce. Wanda ke matsewa sosai yana fitar da ita busasshiya ƙamas, ta dabbobi ce. Ƙungiyar da rabin ribarta daga ƙuli-ƙuli take za ta ga mai ya ƙaru, ƙuli ya ɓace. Irinsu injin niƙa da na murza ya fi musu, ko a nemi wanda ake iya sassauta bakinsa. A ɗebo tunkuzar gwajin a leda a kawo wa masu suya su gani da idonsu.

Idi: Kan farashin inji daga waje, a kula da haruffa ukun da ke gefen lamba. EXW na nufin a ƙofar masana'anta, komai daga nan naku ne. FOB an ɗora a jirgin ruwa a tasharsu. CIF an biya jirgi da inshora har tashar da aka ambata, Lome ko wata, amma fitarwa daga tasha, motar da za ta kawo shi, duwan, da ladan mai fitar da kaya duk suna nan suna jira. Mu da ba mu da teku, wannan ɓangaren ba ƙarami ba ne. A karɓi faktir proforma, takardar farashin da ake bayarwa kafin oda, mai ɗauke da nauyi da girman akwati, a kai wa mai fitar da kaya a nan ya lissafa kuɗin saukarsa Maraɗi, sannan a kwatanta da na Kano. Sau da yawa wanda ya fi tsada a takarda shi ya fi araha a ƙofar gida.

Masu tunanin baje kolin Canton a Gwangju ta Sin kuma, sau biyu ake yi a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, kowanne zango uku. Injuna a zangon farko suke. Wanda ya sauka a na uku zai tarar da tufafi da takalma da abinci.

Alhaji Isuhu: Ku ƙara da ƴan damfara. Duk inda aka tara mutane da kuɗi a aljihu suna nan. Wanda ya ce yana da oda babba amma sai kun biya kuɗin rijista, ko ya ce ku tura kahin alƙalami ta Nita ko Amana da sunan wani mutum daban, ku rabu da shi. Kamfani na gaskiya shina da RCCM, wato rijistar kasuwanci, da NIF, lambar haraji, da asusun banki da sunansa. Sabon mai saye kuma kada a ba shi kaya bashi don ya sa kwat. Rabi a hannu kahin lodi, saura in kaya sun isa, odar hwarko kuma ƙarama.

Malama Nana: Kowa ya tsaya kan ciniki, an bar zauren lacca, alhali wani lokaci abin da ya fi daɗewa daga can yake fitowa. Ba duka ake shiga ba. Bikin buɗewa da jawaban godiya a bar wa masu kyamara, wannan lokacin ne ma rumfuna ke da sarari a yi magana da masu su a natse. A zaɓi lacca biyu ko uku da suka taɓa buƙatar da aka rubuto. A zauna gaba, kusa da inda mai magana zai sauko. A ɗauki hoton allon da ke da lambobi kawai, a rubuta a littafi abin da za a gwada in an koma. Tambaya a shirya ta tun kafin a shiga, gajera, mai lamba: wake mai danshi kashi nawa ake zubawa a buhun PICS, ya fi "me za ku ce game da ajiya".

Tunda na ambaci buhun, shi kansa misali ne. Leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban, ba magani. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aiki a kansa. Amma wanda ya gani a taro bai tambayi dalili ba zai dawo ya ɗaure ukun da igiya ɗaya, ko ya yi aiki da leda mai huji, ko ya riƙa buɗewa duk mako yana ɗiba, ƙwari su samu iska su ci gaba da ɓarna, ya ce buhun ƙarya ne. Don haka da an tashi daga lacca a tari mai maganar, a nemi lambarsa da takardar bayanin. Sau da yawa za a tarar ofishinsa yana Tarna ko jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, an je Yamai an gano maƙwabci.

Wanda ba ya jin Faransanci sosai kada kunya ta hana shi. A haɗa shi da ɗalibi ɗaya, a biya masa abinci da tasi, ya riƙa rubuta masa.

Habsu: Ni ɓangaren katin adireshi da lambobi zan ɗauka, don nan ne ake zubar da abin da aka tara. Mutum ya dawo da kati sittin a aljihu, bayan mako ɗaya bai san fuskar ko ɗaya ba. Da an rabu da mutum, kafin a isa rumfa ta gaba, a juya katin a rubuta abu uku: me yake so, me aka yi masa alkawari, yaushe. Wanda ba shi da kati a rubuta a littafi. A waya kuma kada a adana "Alhaji Yamai", za su zama goma. A sa suna, kaya, taro da shekara. Kowane dare, minti 20 kafin barci, a raba katunan uku: masu zafi da suka nemi farashi ko samfur, masu ɗumi, da na gaisuwa. A ɗauki hotonsu a tura wa sakataren ƙungiya a daren, saboda waya na ɓata, jaka na ɓata.

Saƙon farko cikin kwana biyu da rabuwa, tun yana tuna ɗanɗanon. Ba "slm" kaɗai ba, ba kuma muryar minti biyar ba. A yi sallama, a faɗi suna da gari, a tuna masa inda aka haɗu da abin da ya nema, a manna hoton kayan da takardar farashi, a rufe da tambaya ɗaya da zai iya amsawa da e ko a'a, kamar: mu aiko katan biyu ta bas ranar Litinin? In shiru, a kira bayan mako ɗaya. In shiru, a sake bayan mako uku da wani sabon abu, sabon zubi ko sabon farashi. Bayan uku a bar shi ya huta sai kaka. Kuma don Allah kada a jefa mutum cikin zauren WhatsApp na ƙungiya ba da izninsa ba, ya tashi ya tarar da saƙo ɗari na barka da Juma'a.

Lawali, mai kula da zaure: Saura tambayar da kowa ke kauce wa. Wa ake turawa? Don a ƙungiyoyi da yawa layi ake bi, bana shugaba, baɗi ma'aji.

Malama Nana: Malam Lawali, buƙatar ce ke zaɓen mutum. In inji ake nema, mai tayar da injin kullum shi zai je, ko da ba ya cikin shugabanni. In kasuwa ake nema, wadda ta san farashi kuma aka ba ta ikon ragewa zuwa wani iyaka da aka rubuta mata. Wakilin da kowace tambaya sai ya ce bari in kira shugaba, mai saye ba ya jiransa. Kuma in taron ya yi amfani, mutum ɗaya daga cikin biyun ya sake komawa baɗi. Fuskar da aka gani sau biyu ita ake fara yarda da ita, wannan kuwa amanar da Baba Alhaji ke magana ce.

Alhaji Isuhu: Ɗiyata kin kama ni da bakina. To amma lambobin na wa ne? Don an sha ganin wakili ya tahi da kuɗin jama'a, ya dawo ya riƙe mai saye shi kaɗai.

Tsahiru: Shi ya sa ake rubuta sharaɗi kafin a ba shi kuɗin mota, Baba. Lambar da ke kan samfur da takardar farashi ta ƙungiya ce, ba tasa ba. Katuna da littafin rubutu kayan ƙungiya ne, a miƙa wa sakatare. Cikin mako ɗaya da dawowa a kira zama, awa ɗaya ta isa. Ya ajiye rasit na abin da ya kashe, ya baje samfurin wasu da ya sayo, don kwalba da takardar abokin gasa darasi ne da ake taɓawa da hannu, ya faɗi mutum biyar masu zafi da abin da aka yi wa kowanne alkawari. A zaɓi abu biyu kacal da za a canja, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa. In an ce goma ba a yin ko ɗaya. Bayan wata uku a sake buɗe takardar: nawa suka amsa, nawa suka yi oda, sefa nawa suka shigo, a ɗora kan 200,000 ɗin Hajiya. Wannan takardar ce za ta ce a koma baɗi ko a ƙara buhu goma a sito.

Idi: Masu nufin Kano da Kaduna, a tanadi katin ɗan ƙasa ko fasfo da katin allurar shawara, a tambayi halin iyaka a ranar tafiya, ba na makon jiya ba. Samfur ya kasance kaɗan, a rubuce cewa ba na sayarwa ba ne. A canji kuɗin kwana biyu kawai, saura a bari a sefa. A kwafi RCCM da NIF guda biyar-biyar a sa cikin leda.

Habsu: Da caja ta aljihu da reshen soket mai baki uku na Najeriya, namu mai baki biyu ba ya zama da kyau a nasu.

Lawali, mai kula da zaure: Madalla. Injiniya, ka rubuto mana tambayoyin inji a shafi ɗaya yadda za a buga a ba wakilai. Yaya Idi, kai kuma samfurin takardar farashi, da Hausa da Faransanci.

Injiniya Ma'azu: Zan turo bayan isha'i. Amma kowace ƙungiya ta fara ɗauko min hoton mitar wutarta, in ga layi ɗaya ce ko uku.